Maƙala Ɗaya, Masu Ita Biyu

Aikin farko da aka sa ni a ofishin mujallarmu shi ne in je kanti in sayo reza. Na zo da shekara goma sha ɗaya ta koyar da nahawu a sakandare, da sabuwar jallabiya, da biro uku a aljihu, ina jiran a miƙo mini kimiyya in gyara mata zama. Ustaz Ɗahir, wanda zan yi wa mataimaki, ya dube ni daga rawani zuwa takalmi ya ce, "Ya ustaz, ka san kantin da ke bayan masallaci? Fakiti biyu. Kada ka karɓi mai tsatsa."

Na kawo wannan ne saboda makon jiya na ji ɗayanku, ku da aka turo ku koyi aikin, yana gaya wa ɗan'uwansa wai sakataren mujalla ba shi da aiki sai karɓa da miƙawa, kamar mai yankan tikiti a tashar Shuwak. To, ku gyara zama. Sunayen da za ku ji duk na aro ne, sana'ar ta hana ni na gaskiya.

Mujallarmu ta wata ƙungiyar masana noman damina ce, tana fitowa sau biyu a shekara idan Allah Ya yarda kuma maɗaba'a ta yarda. Dawa, riɗi, laka, kwari, ciyawa, ba mu wuce nan. Kowace maƙala sai alƙalai biyu sun karanta ta, mu a nan muhakkim muke ce musu, kuma ba a so alƙali ya san marubuci ko marubuci ya san alƙali. A manyan ƙasashe wannan abu ne mai sauƙi. A Gadarif kuwa, inda masanin ƙasa surukin masanin kwari ne, kuma dukansu layi ɗaya suke bi a gidan burodi, sai an yi da gaske. Shi ya sa Ustaz Ɗahir ya raba sirrin gida biyu. Babban edita shi ke karɓar maƙala hannu da hannu, ya rufe ƙofa, ya yanke sunan mai ita da reza, da duk wata godiya ko ishara da za ta tona shi, ya ba ta lamba, ya rubuta suna da lamba a wani baƙin littafi da ba ya rabuwa da jakarsa. Ni kuma sai a miƙo mini ita da tagogi a jikinta. Ni ke sa ta a ambulan, ni ke rubuta wa alƙali adireshi, ni ke shigar da shi a rajistata. Na san alƙalai ke nan, ban san marubuta ba.

Na taɓa tambayarsa dalilin da ba za a bar ni in san duka ba. Ya ce, "Kawunnanka nawa ne a kasuwa?"

Na ce bakwai.

Ya ce, "To shi ya sa."

Ko da kwamfuta ta zo ba mu ajiye reza ba. Wuta tana zuwa kamar baƙon da ba ya sallama kuma ba ya ban-kwana, tsofaffin farfesoshi kuma ba su yarda rubutu ya zama ilimi ba sai sun lashi yatsa sun juya shi. Don haka kwafi uku a takarda, da filashi ɗaya da ke zama wurin babban edita. Jan biro nawa ne. Hatimi yana cikin gwangwanin madara a kabad, shi kaɗai ne a ofishin bai taɓa neman canjin aiki ba.

Marubuci na farko da na yi fama da shi wani masanin takin zamani ne da aka mayar wa maƙala. Ya shigo da buhun riɗi rabi ya ajiye a bayan ƙofa, bai ce komai a kansa ba, ya zauna ya tambayi lafiyar mahaifiyata, da ta 'yan'uwanta, da ta wani jaki da muka taɓa yi tun ina yaro. Can ya ce, "Shi wannan alƙali na biyu, daga Madani yake ko?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Mai gilashi?" Na ce duk masu gilashi ne. Ya tashi ya ɗauki riɗinsa ya fita. Ustaz Ɗahir bai ɗago daga abin da yake karantawa ba, ya ce, "Ka ci jarrabawa. Amma da ka ja shi da hira har ya manta buhun."

Su kuwa manyan editoci, na yi aiki da goma sha huɗu. Ba wanda yake son kujerar. Ba alawus, ba mota, sai gaba da duk wanda aka mayar wa aiki, har ya daina amsa maka sallama a jana'iza. Saboda haka majalisar mujalla ta samo hanya: duk wanda bai zo taron zaɓe ba, shi ake zaɓa. Ba a rubuce take ba, amma ban ga dokar da ake bi da tsoron Allah kamarta ba. Na ga mutum ya zo taron da ledar ƙarin ruwa a hannu, ɗansa yana riƙe masa ita sama. Na ga ango ya zo da lalle bai gama bushewa ba. Wanda aka zaɓa yakan ji labari ne washegari a wurin fatur, karin kumallonmu na hantsi, yana tsakiyar kai lomar waken ful baki sai ya ga kowa ya miƙe yana ce masa mabruk.

Shekarar da yaƙi ya ɓarke a Hartum, manyan editoci huɗu na gani. Na farko, Dakta Hamid, mutumin kirki, ya yi shekara uku a kujerar. 'Ya'yansa na karatu a waje, matarsa ba lafiya, wata safiya ya leƙo ya rungume ni ya ce zai raka ta Galabat ya dawo. Ya tsallaka Habasha da ita, da jakarsa, da baƙin littafi, da filashi goma sha ɗaya. Ban ga laifinsa ba, ranar ba wanda ke tuna littafi. Na biyu ya riƙe mu har riɗi ya nuna. Kun san riɗi ba ya jiran kowa, in ka makara kwana kaɗan ya fashe ya zube ƙasa, shi kuma yana da gona a Simsim. Takardar murabus ɗinsa direban lori ne ya kawo mini, a bayan kwalin shayi aka rubuta ta. Na uku kwana tara ya yi, ya sami aiki da masu agaji a Shuwak, ya tafi bai ma san inda makullin banɗaki yake ba. Na huɗu shi ne Dakta Mu'awiya, matashi mai kunya, wanda tayar babur ɗinsa ta fashe a hanyar zuwa taro. Ya iso da gudu yana haki, ya tarar ana fatiha.

Sai ga ni da maƙala goma sha ɗaya a kabad, kowace da taga a goshi, ba wadda na san ubanta.

Abin dariyar shi ne, shekara ashirin ina roƙon alƙalai kamar mai neman aure, a shekarar nan kuwa sai Gadarif ta cika da farfesoshi. Sun gudo daga Hartum, daga baya wasu daga Madani, suna kwana a azuzuwan makarantu da ɗakunan dangi, ba ofis, ba ɗalibai, ba wanda za su ce wa "sake rubutawa". Suka gano ofishinmu yana da fanka da kujeru. Kullum da hantsi sai su cika shi. Wani ya gyara mini jadawalin azumi da ke bango. Wani ya karanta takardar da aka naɗo mini gyaɗa a ciki ya ce hujjarta ba ta da ƙarfi. Babbansu shi ne Farfesa Abdul'azim, dogo, mai farin rawani kamar an ɗora masa gajimare, wanda rabin masanan ƙasar nan ɗalibansa ne, har da Dakta Mu'awiya. Na sha rubuta sunansa a bayan ambulan, amma ban taɓa ganinsa ba sai da yaƙi ya kawo mini shi da jaka ɗaya.

Wata Lahadi, a lokacin da layukan waya suka ɗauke gaba ɗaya, wata mata ta shigo, tob ɗinta, wato lulluɓin matanmu, duk ƙurar hanya. Ta yi sallama da Larabci, ta dubi fuskata, sai ta juya harshe zuwa Hausa.

"Baba, kai namu ne ko?"

Na ce, "Tun kakan kakana da ya taho hajji da ƙafa ya tsaya hutawa. Har yau hutawar muke yi."

Ta yi dariya, ta zauna. Dakta Sa'adiyya, 'yar Mai Wurno, mai bincike a wata tashar gwaji kusa da Madani. Damina biyar ta yi tana gwajin yadda za a rage ƙuduji a gonar dawa, ciyawar nan mai jan fure da Larabawa ke kira buda, wadda ke tsotse dawa tun daga saiwa. Ta kawo wa Dakta Hamid maƙalar da hannunta kafin yaƙi. Kwamfutarta an karɓe a hanya, littattafan gonarta suna can inda ba mai komawa. Abin da ya rage na damina biyar a duniya shi ne kwafin da ke kabad ɗina. Wata cibiyar bincike a ƙetare ta ba ta gurbi, da sharaɗin ta kawo takardar shaidar an karɓi maƙalar, da sunanta da hatimi. Mai kai mata takardun zai bi ta Galabat ranar Alhamis ta sama. Ita da mahaifiyarta da 'ya'ya biyu suna zaune a aji ɗaya da wasu iyalai uku, allo ne bangonsu.

Na buɗe kabad. Maƙalar ƙuduji ɗaya ce, mai lamba bakwai. Na ɗora ta a tebur, kafin in buɗe baki sai wata inuwa ta rufe ta. Farfesa Abdul'azim ya sa gilashi, ya karanta layin farko, ya rufe ido ya ƙarasa sakin layin da ka.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe tana nan. Maƙalata ce."

Fankar ma sai da na ji kamar ta rage gudu.

Sa'adiyya ta ce, "Ya Farfesa, da girmanka, tawa ce."

Ya ce, "Ya binti, buɗe shafi na shida. Jadawali na biyu, layi na uku, akwai kuskuren jimla. Haka ne ko ba haka ba?"

Na buɗe. Haka ne.

Ya ce, "Uwa ta san tabon ɗanta." Ya zauna, farfesoshi shida suka gyaɗa rawuna a tare.

Da aka watse na ɗauko rajistata, na bi ta da yatsa. Lamba bakwai, alƙali na biyu: Farfesa Abdul'azim, Hartum. Na jawo fayil, ga rahotonsa, shafi tara da koren biro, ba sa hannu kamar yadda doka ta ce. Ya karanta maƙalar ne karatun da ba a yi wa abin da ake ƙauna, ya bi ta layi layi yana tsiya, har ta zauna masa a ka. Sannan ya rasa gida da littattafai da takardun shekara arba'in a mako guda, ya ga abin da ya haddace, ya ɗauka nasa ne. Ba ƙarya yake yi ba, kuma wannan ya fi ƙarya wuyar magani.

Na kai wa Dakta Mu'awiya rajistar, tunda babban edita yana da ikon gani. Ya karanta, ya dafe kai.

"Ya ustaz, shi ya duba mini digirina na biyu. Shi ya yi mini waliyyi. Kai ka gaya masa."

Na ce, "Kai ne babba."

Ya ce, "Taya ce ta fashe, ya ustaz. Taya!"

Na sami Farfesa washegari na ce ina son ganinsa a keɓe. Ya ce shi bai taɓa yin maganar ilimi a bayan ƙofa ba, abin da zan faɗa in faɗe shi a gaban jama'a. To ga inda sana'ar take, ku da kuke cewa karɓa da miƙawa. In na faɗa a gaban jama'a, na tona alƙali a gaban marubuciya, abin da ban taɓa yi ba ko da buhun riɗi, kuma na tsiraita dattijon da ba abin da ya rage masa sai rawani. In na yi shiru, damina biyar ta tafi da sunan wani, mata biyu da yara sun ci gaba da kwana a gindin allo. Kuma ko na faɗa, rajistata ba ta ce maƙalar ta Sa'adiyya ce ba. Abin da ta ce kawai, ba ta Farfesa ba ce.

Na koma na zauna da lamba bakwai da jan biro, na yi mata karatun da Ustaz Ɗahir ya koya mini, wato ka bar abin da marubuci ya faɗa, ka nemi inda ya yi shiru. A jadawali na huɗu na same shi. Fili na tara, damina ta uku, ba adadi, sai ɗan layi da tauraro a kansa. Bayanin tauraron yana ƙasan shafi, a wurin kuwa taga ce. Dakta Hamid ya yanke shi, da alama akwai sunan mai gona a ciki. Allah Ya yi wa rezarsa albarka. Taswirar da ke shafi na uku ta nuna fili na tara shi ne na gabas, dab da hafir, tafkin nan da ake haƙawa don tara ruwan damina.

Ranar Talata na tara su. Na ce ofis yana da tambaya ɗaya, ta tsari ce kawai, Farfesa da Sa'adiyya kowa ya amsa a rubuce: me ya sa fili na tara ba shi da adadi a damina ta uku? Na ba kowa takarda. Farfesa ya cika tasa ya nemi ƙari. Ya yi bayanin yadda baƙar laka ke riƙe ruwa kusa da hafir, da yadda saiwa ke shaƙewa, da ra'ayin masana uku a kan haka. Wallahi da ni ɗalibi ne da na tafa. Sa'adiyya ta rubuta layi ɗaya ta ninke.

Dakta Mu'awiya ya buɗe, ya karanta: "Raƙuma suka cinye."

Ofis ya fashe. Wani farfesan kwari har ya ƙware da shayi.

Farfesa Abdul'azim ya ce, "Kowa yana iya ƙirƙiro raƙumi."

Ta ce, "Ba ɗaya ba ne, ya Farfesa. Sun fi talatin."

Na tambaye ta gonar wa. Ta ce ta Haj Idris, a Simsim. Na tambayi Farfesa, ya ce sunayen manoma ba su daga cikin abin da yake riƙewa. Lokacin kuwa kaka ta shigo sosai, duk wani mai gona a Simsim yana kasuwar amfanin gona yana gadin buhunansa. Na ce to mu je, da sharaɗin Sa'adiyya ba za ta buɗe baki ba sai na ba ta izini.

Raksha ɗaya muka samu, keken nan mai ƙafa uku. Mu huɗu. Farfesa a tsakiya, rawaninsa yana goge rufi, Dakta Mu'awiya rabin jikinsa a waje yana riƙe da ƙarfe, Sa'adiyya a gefe da jakarta a tsakaninta da mu, ni kuma kusa da direba da gindi ɗaya, na rungume lamba bakwai. Direban ya tambaya ko asibiti za mu, don ya ga fuskokinmu. Sauran farfesoshin suka biyo mu a raksha biyu, ba wanda ya gayyace su.

Mun sami Haj Idris a kan tulin buhunan riɗi, gajere, kakkaura, yana faɗa da mai awo. Namu ne shi ma, kakanninsa daga wajen Haɗeja. Na gaishe shi da Hausa, na ce Sa'adiyya ta tsaya a bayan lori tukuna.

"Haj, an taɓa yin gwajin buda a gonarka?"

Ya ce, "Gwaji? Azaba dai. Damina biyar an kafe mini gona da turaku da igiya kamar za a yi kamun aure. An ce wannan fili kada in cire buda, in bar ta ta ci dawata ina kallo, wai shi ne ma'auni. Ni da gonata!"

"Akwai filin da ba a auna ba?"

"Na bakin hafir. Makiyaya suka sauko shayarwa, raƙuma suka ga dawa ta yi kai, suka shiga kamar an aika musu katin biki."

Na ce ya maimaita da Larabci saboda baƙi. Ya maimaita, ya ƙara da bayanin halin raƙumi wanda ba zan rubuta ba. Sannan na nuna masa Farfesa na ce, "Wannan ne mai gwajin?"

Haj Idris ya dube shi sama da ƙasa, ya tsaya a takalmansa masu sheƙi. Ya ce, "Wannan bawan Allah in ya taka lakar Simsim da damina, sai da tarakta za a ciro shi. Mace ce. Wata 'yar siririya mai masifa. Da lema ta bi raƙuman tana zaginsu da harshe biyu, takalminta ɗaya ya maƙale, har yau yana can, mun bar shi ya zama alamar iyaka."

Na ɗaga hannu, Sa'adiyya ta fito daga bayan lori.

Ya diro daga kan buhu. "Mai turaku! La ilaha illallahu, kina raye? Ina Hajiya mahaifiyarki? Ke, turakunki suna nan sun cika mini rumbu, ki zo ki kwashe abinki!"

Ta rufe fuska da tob, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko ɗaya abin ba, ban kuma tambaya ba. Farfesoshin raksha biyu suka shiga yi mata mabruk, har da waɗanda suka gyaɗa rawani ranar Lahadi. Masu dako suka taru suna tambayar ko gado aka raba.

Muka koma ofis. Da kowa ya tafi sallar azahar, sai Farfesa ya tsaya, ya rufe ƙofar da kansa. Ya zauna a kujerar baƙi, ya cire gilashi.

"Ya ustaz, gaya mini gaskiya. Na san kowane layi na takardar nan. Na san inda waƙafi ya ɓace. In ba ni na rubuta ba, to kaina ne ya tafi? Gidan ya tafi, littattafan sun tafi, shi ma ya bi su?"

Bara ya sake mini baki ya ce in ba da labarin in na ga dama, shi ya sa kuke jin wannan. Na buɗe fayil, na ɗora masa shafi tara na koren biro a gabansa. Ya mayar da gilashi. Ya karanta shafin farko ya ce, "Wannan mutum ba shi da tausayi." Ya karanta na biyu ya ce, "Amma ya san aikinsa." A na uku ya tsaya. Ya ɗaga takardar kusa da taga, ya juya ta, ya dubi biron da ke aljihunsa. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, rawani yana karkarwa, hawaye na bin gemu.

"Ni ne ɗan banzan?"

Na ce, "Ofis ba ya bayyana sunan alƙali, ya Farfesa."

Ya share ido ya ce, "Kada ka gaya mata."

Na ce ko ya ce in gaya mata ba zan gaya mata ba.

Kada ku ɗauka an gama. An san mai maƙala, amma maƙala ba ta karɓu ba, don alƙali na farko ya ce a buga, na biyu ya ce sai an yi gyara shafi tara. Dakta Mu'awiya ya so ya yafe mata, na ce hatimin nan bai taɓa sauka a kan tausayi ba, in ya sauka yau, takardar da za ta kai ƙetare ba ta fi ta ƙunshin gyaɗa ba. Ita ma ta ce ba ta son sadaka. Na kwafe rahoton da hannuna, da baƙin biro, na ba ta. Saura kwana takwas.

A teburina ta yi aikin, daga safe zuwa la'asar, da fensir da na'urar lissafin wani mai shago. Tana yi tana magana da alƙali na biyu kamar yana gabanta. "Kai ko wane ne, Allah Ya sa ƙuduji ya fito maka a tukunyar fure." "Ji wai in sake lissafin duka. Shi ya taɓa korar raƙumi?" Farfesa kuwa, wanda ya ba ta haƙuri a gaban kowa washegarin zuwa kasuwa, ya jawo kujera ya ce zai taimaka don ya wanke laifinsa. Duk inda ta maƙale sai ya karɓi takardar, ya yi kamar yana nazari, ya ce, "Ina jin abin da yake nufi a nan shi ne..." sai ya faɗi abin daidai, har da misali.

Ta ce, "Ya Farfesa, kai ka iya karanta zuciyar azzalumai."

Ya ce, "Shekaru ne, ya binti."

A sharaɗi na goma sha bakwai suka yi faɗa na gaske. Ta ce alƙali ya yi kuskure, ta kawo hujja. Farfesa ya kare shi da zafin da ya ba kowa mamaki, har ya buga tebur. Ta sake lissafin a gabansa, layi layi. Da ta gama ya ce, "Rubuta masa cewa bai fahimta ba. Rubuta da kyau, ya ji a jikinsa." Da yamma na miƙa wa alƙali na biyu amsar a bayan ofis, kusa da randa, a cikin ambulan kamar yadda doka ta ce. Ya sa alama a inda ake cewa ya gamsu, da biron da ya ara a wurina.

Ranar Laraba Dakta Mu'awiya ya rubuta takardar karɓa. Na buga sunanta cikakke a inda taga take, na ciro hatimi, na hura masa, na danna. Ta karanta sunan sau biyu, ta sa takardar a leda, ta sa ledar a wata ledar, ta aika a kira mai tafiya Galabat ya zo ya karɓa a gabanmu. Sannan ta ce yau ita za ta sayi jabana, kofin nan namu mai citta, wa kowa da kowa, har da farfesan kwari.

Mai jabana ta jera ƙananan kofuna, ina zubawa. Sa'adiyya ta ɗauki na farko ta kai wa Farfesa da hannu biyu.

"Ya Farfesa, kai na yafe maka duniya da lahira, ka zama uba. Amma alƙali na biyu, wallahi sai mun tsaya da shi gaban Allah."

Farfesa ya karɓi kofin. Ya dube ni ta saman gilashi, ni kuwa na ci gaba da zuba kofi kamar an haife ni don haka.

Ya ce, "Allah Ya haɗa ku, ya doktora." Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Ya ustaz, miƙo sukari."